Furfurar Sabon-Jini

A ofishin ƙungiyar kare haƙƙin tsofaffi, tun daga bakin get har ƙofar banɗaki babu bangon da ba a manna masa hoton tsoho yana dariya ba. A ƙarƙashin kowane hoto an rubuta da manyan baƙaƙe: TSUFA BA LAIFI BA NE. Direban ƙungiyar kullum ta ƙarƙashin rubutun nan yake wucewa da makullin bas a hannu, kuma bai taɓa yarda da shi ba. Ya san a ofishin nan tsufa laifi ne babba, in dai kai ma'aikaci ne. Doka tana nan daram: duk wanda ya cika sittin, a tara ma'aikata a sha lemo, a ba shi agogon bango, a raka shi get da tafi. Shi kuwa sittin ya wuce ta tun tuni, ko a madubin baya ba ya hango ta.

Sabon-Jini ake ce masa. Manajar farko ce ta raɗa masa sunan, ranar da ya zo neman aiki da gashi baƙi wuluk kamar gindin tukunya, ya ɗaga tayar bas da hannu ɗaya don a gani. An ɗauke shi nan take. Ya kwana biyu bai iya sunkuyawa ya ɗaura takalmi ba, amma wannan tsakaninsa da matarsa ne.

Da yaron mota ya fara, tun gemu bai san hanyar haɓarsa ba. Daga wanke taya ya hau kan kaya, daga kan kaya ya sauko gefen direba, daga nan sitiyari ya shigo hannunsa bai ƙara fita ba. Ya ja babbar mota, ya ja tasi, ya ja motar wani ɗan kasuwa da ya sallame shi ranar da ya hango fari a sajensa, wai ba ya son a yi masa gyangyaɗi a hanya. Daga ranar ya ɗauki darasi. Ya zubar da wasu shekarunsa a bakin titi, ya sayi rinin gashi.

Matarsa ce mai fentin. Kowace safiyar Lahadi za ta zaunar da shi a kan kujerar roba, ta ɗaura masa tsohon zani a wuya, ta bi kai da saje da gemu da tsohon buroshin haƙori.

"Baban yara, ni fa na gaji da fentin nan. Jikarka ta kusa haihuwa, kai kana nan kana gasa da angonta."

"Bi ta bayan kunnen nan, jiya na ga ya fara tona min asiri."

"Yara sun ce ka huta, za su riƙe gida."

"In huta in yi me? In zauna a ƙofar gida ina gaida awaki?"

Abin da yake tsoro ke nan, ba yunwa ba. Ya ga abokansa da suka ajiye makulli. Kujerar ƙofar gida ta fi kowace cuta saurin cin direba.

Aikin ba wuya. Da safe ya bi gida-gida ya kwaso tsofaffi, ya kawo su cibiyar ƙungiyar a ba su shayi da burodi, a gwada musu jini, a sa su ɗaga hannu sama su sauke wai motsa jiki, da yamma ya mayar da kowa inda ya ɗauko shi. Wuyar tana wajen ladabi, don ƙungiyar ta je bita har ta gaji a kan yadda ake girmama tsoho. Kowane namiji Baba ne, kowace mace Inna ce. Ba a miƙa musu abu a tsaye, sai an rusuna. Ba a barin tsoho ya ɗauki kaya, ko da carbinsa ne ya faɗi. Babbar dokar kuwa, wadda manajar yanzu take maimaitawa kamar karatun yara, ita ce: ba a musu da tsoho. In ya ce rana daga yamma take fitowa, ka ce Baba ai da can haka take.

Sabon-Jini yana bin dokokin nan lafiya lau, yana ce wa sa'o'insa Baba ba tare da ya ji komai ba, har ranar da aka ƙara masa sabuwar fasinja. Wata tsohuwa ce siririya da ba ta rabuwa da lema ko da rana ko da ruwa, shi ya sa kafin mako ya zagayo kowa ya koma kiranta Mai-Lema. Ta zauna a bayansa, ta kafa wa madubi ido tun daga layinsu har cibiya. Da kowa ya sauka sai ta taɓa kafaɗarsa da bakin lemar.

"Yaro, juyo in gan ka."

Ya juyo. Nan take ya gane ta. Ƙanwar amininsa ce na ƙuruciya, wadda yake goyawa ya ƙetare da ita rafi in za su makaranta, tana tsula masa majina a wuya.

"Ikon Allah," ta ce a hankali. "Wadda aka goya ta tsufa, mai goyon yana nan saurayi."

"Inna, don girman Allah..."

"Inna. To, madalla. Riƙe min lemar nan, ɗana, ka rusuna da kyau, ban ga gwiwar ta lanƙwasa ba."

Daga ranar ya shiga uku. Ba ta faɗa wa kowa ba, ai wanda ya samu abin wasa ba ya fasa shi. Sai dai kullum da sabon salo. Yau ɗana, gobe jikana. In ya taimaka mata hawa mota sai ta shafa kansa ta duba tafin hannunta, ta ce yaran zamani akwai baƙin gashi, har zuba yake. In manaja na kusa sai ta ɗaga murya: "Wannan yaron ku riƙe shi da kyau, yana da hankalin manya." Manaja ta yi murmushi ta ce ai shi ya sa suke alfahari da matasansu. Shi kuwa ya ce, "Na gode, Inna," haƙoransa a cije.

Ita manajar tana da nata ciwon kan. Ƙungiya ta ɗauko gagarumin yaƙi a kan masu sallamar ma'aikata saboda shekaru, ana so a kai maganar har gaban masu yin doka. Abin da ya rage kawai a samo tsoho guda mai aiki da ƙarfinsa, a nuna wa duniya. An zaga gari, da bas ɗin Sabon-Jini ma aka zaga, duk tsohon da aka samu an riga an ba shi agogon bango.

Ana cikin haka baƙi masu ba da tallafi suka zo da mai ɗaukar hoto. Aka dace ranar Laraba ce, ranar zaman Tuna Baya, inda ake jera kujeru a zagaye kowane tsoho ya ba da labarin da. Zakaran zaman wani tsohon hedimasta ne, kuma labarinsa guda ne: ranar da aka buɗe tsohuwar gada. Kowace Laraba labarin sai ya ƙara ƙiba. Da farko yana cikin 'yan kallo. Daga baya ya koma cikin motar da ta fara ƙetarewa. Kwanan nan ya iso gidan gaba. Sabon-Jini yakan tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makulli, ya haɗiye abin kamar maganin zazzaɓi.

Ranar nan da hedimasta ya ga na'urar hoto ta juyo kansa sai ya gyara hula, ya buɗe wuta.

"Jar mota ce, ina gidan gaba. Direba ya tsaya yana shakka, na ce masa ɗana, taka, ilimi ne ya gina gadar nan. Yaron motar kuwa, wani ɗan ƙazami mai kunnuwa kamar faranti, da ya leƙa ya ga ruwa sai ya diro ya ranta a na kare. Wandonsa sharkaf."

Baƙi suka yi dariya. Manaja ta yi dariya. Makulli ya daina kaɗawa a bakin ƙofa.

"Ba haka aka yi ba, Baba."

Ma'aikaci ya yi musu da tsoho, a gaban baƙi. Manaja ta zaro masa ido, amma motar ta riga ta tsinke birki.

"Motar koriya ce. Gidan gaba direba ne da injiniya, ba kowa. Yaron motar kuma bai gudu ba. Shi ya sauka ya shiga gaba da ƙafa, yana tafiya da baya yana yi wa direba hannu har aka ƙetare. 'Yan makaranta irinku suna can bakin ruwa da tutocin takarda, an hana su matsowa."

Hedimasta ya dube shi ta saman tabarau. "Kai a wane littafin ka karanta?"

Mai-Lema ta buga lemarta a ƙasa. Ita da ta shafe watanni tana gasa shi, ita ce ta miƙo masa igiya. "Ku rabu da yaron nan. Babansa ne yaron motar, a bakinsa ya ji. Ko ba haka ba, ɗana?"

Ga hanya nan fetal, ko rami babu. Abin da ya rage ya ce e kawai, ya rusuna ya ba Baba haƙuri, Lahadi ta zo a yi fenti. Har ya buɗe baki. Sai hedimasta ya ƙyalƙyale da dariya.

"To ai shi ke nan. Ka gaida babanka, ka ce ina tambaya ko wandon ya bushe."

"Ba babana ba ne," in ji Sabon-Jini. "Ni ne. Kuma a bushe na ƙetare."

Tsohuwar gada dai ta girmi mahaifiyar manaja, kowa a ɗakin ya san haka. Ana iya ganin lissafin yana tafiya a goshinta. Mai-Lema ta rufe fuska da tafin hannu. Shi kuma ya tsaya yana jiran a ce ya ajiye makulli.

Tafi ya ji. Baƙi ne suka fara, manaja ta karɓa har da miƙewa tsaye, idonta ya kawo ruwa. Ga abin da ta zaga gari tana nema, ashe shi ke jan ta zuwa neman.

Washegari ta kira shi ofis, ta ba shi kujera mai laushi, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce daga yau shi ne Jakadan Tsofaffi Masu Aiki, albashinsa na nan, har da sabuwar riga. Sharaɗi guda, ya bar rini, don furfurar ita ce hujja. Ya ji daɗi har ya fara tunanin ashe rubutun bangon nan gaskiya ne. Sai ta rusuna, ta miƙo hannu biyu.

"Makullin, Baba."

Bai taɓa jin kalmar ta yi masa nauyi haka ba.

"Ba mu muka ce ba, masu inshora ne. Ba sa yarda wanda ya haura sittin ya ja motar ƙungiya. Irin zaluncin da muke yaƙa ke nan, Baba, shi ya sa muke buƙatarka."

Aka jira furfura ta fito fes, ta cika kai da gemu kamar an zazzage masa buhun auduga. Matarsa ta mayar da buroshin wajen goge takalma, ta ce yau ta san da wa take aure. Sannan aka zaunar da shi a kujerar direba, mota a kashe, makulli a aljihun manaja, aka ce ya riƙe sitiyari ya yi dariya. Hoton yana nan yanzu a bakin get, ya fi duk sauran girma. A ƙasa an rubuta: HAR YANZU DA ƘARFINSA.

Yanzu kusan kowane mako ana kai shi taro ya gaya wa manya cewa tsoho na iya aiki. Yana iya maganar kuwa, har kuka ake yi. A kujerar baya ake kai shi, sabon direba na ja, Mai-Lema a gefensa don ita ma an sa ta cikin tawaga. Hedimasta ya daina ba da labarin gada, ya koma na ranar da jirgin sama ya fara sauka, inda ya tabbatar babu shaida.

Ran nan suna dawowa, mota ta nufi wani rami da gudu. Ƙafar damansa ta danna ƙasa da ƙarfi, tana neman birkin da ba ya nan.

"Yaya," in ji Mai-Lema, "ɗage ƙafar nan, za ka huda musu mota."

Rabon da a kira shi haka tun suna ƙetare rafi. Ya ɗage ƙafar. Da suka iso cibiya ya riga kowa sauka, ya miƙa hannu zai karɓi lemarta kamar yadda ya saba. Wata ma'aikaciya ta taho da sauri ta rusuna, ta zare lemar daga hannunsa.

"Haba Baba, kawo. Ai ba a barin tsoho ya ɗauki kaya."