Kwaɗon da Ya Ƙi Fara Waƙa

Abu uku na aza a kan tabarmar bikin nan na Maikujera, kuma na ƙirga su tun kafin in bar gida, don ni ba na shiga ciniki ban san abin da zan iya rasawa ba. Na farko alkawari: ranar sunan Nana, autar Hajo, na ce da bakina ni zan yi waƙar aurenta. Na biyu ita Hajo ɗin, taubashiyata, 'yar kawuna, wadda ta ƙi ɗauko wata zabiya, ta bi dangi gida gida tana shelar Kulu za ta dawo fage. Na uku fuskata a kasuwa. Ni dillaliyar albasa da tafarnuwa ce, da maza nake ciniki daga Wurno har Goronyo, kuma babban jarina shi ne ba a taɓa ganin bakina ya yi rawa ba.

Kafin albasa amada nake yi. Ni ke ba da waƙa, Hajo na kan ƙwarya, wadda ake kifawa a kan ruwa cikin baho ana bugu. Da mai gidana ya rasu, na fita takaba na tarar da yara suna jiran tuwo, sai na shiga kasuwa. Ban taɓa cewa na daina waƙa ba. Wannan biki ya zo ina kan hanya, wancan ya zo ina jiran mota, har aka daina aiko mini. Na aurar da 'ya'yana duka ban rera ko baiti ɗaya ba.

Da aka sa ranar Nana, sai jikina ya fara yi mini rashin mutunci. Ni da nake tsayawa gaban direban babbar mota in sa shi ya sauke kaya ya sake lodi, ni ce tafin hannuna ke jiƙewa in na tuna bikin. A da, amada a tsakar gida ake yin ta, mata zalla. In murya ta karye a yi dariya, gobe an manta. Yanzu ga lasifika, ga kowace yarinya da waya a hannu. Kafin a naɗe tabarmi masu auna mini albasa sun gani.

Na sha zuma da citta. Na tauna kanumfari har harshena ya mutu. Na daina ruwan sanyi. Sannan na riƙa shiga sito, in rufe ƙofa, in tsaya tsakanin buhuna in gwada ni kaɗai. Abin da na ji bai yi kama da waƙa ba. In ja baiti, shiru. In ja wani, shiru. Muryar ta yi kauri kamar ta mai tallan gawayi, kuma a kowane shiru ba abin da nake ji sai hakina. Na kira Hajo na ce mata ba ni da lafiya.

Ta ce, "Ko bisa makara anka kawo ki, sai kin yi."

Na ce, "Hajo, murya ta tahi. Na gwada."

"Ina kinka gwada?"

"Cikin sito."

"Ke da wa?"

"Ni ɗai."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Kulu, kwaɗon Inna kinka koma?" Ta kashe wayar.

Haushi ya hana ni cin abinci ranar, don a duk tatsuniyoyin kakarmu babu wadda na tsana kamar ta kwaɗon nan.

Inna Tsohuwa muke ce mata. A ƙauyenmu, kusa da Sisawa, in an gama girbi sanyi ya shigo, takan hura wutar karan dawa a ƙofar ɗakinta bayan sallar isha, mu jikokinta mu kewaye ta. Ba ta ba da tatsuniya kyauta. Kowa sai an zuba masa gyaɗa a faifai, yana ɓara tana faɗi, in hannunka ya tsaya bakinta ya tsaya. Dankali na cikin toka yana jiran ƙarshen labari. Hayaƙi ya bi ni duk inda na koma, Hajo kuwa ta manne da cinyar Inna tana satar gyaɗar da na ɓare tana zubawa a nata faifan.

Inna tana da nata salon buɗewa. Sai ta ce, "Ga ta nan na ɗauko, wa ka tare ni?" Mu kuma mu ce, "Mun tare ki, aje ta nan." In muka amsa da sanyin jiki sai ta ja bakinta ta rufe, ta ɗauki tsinke tana tonon wuta kamar ba mu a wurin. Takan ce, "Ni ba mahaukaciya ba ta da zan yi magana ni ɗai." Dole mu sake amsawa da ƙarfi, har awakin da ke turke su ɗago kai.

Ni tatsuniyar da ake cinye wani nake so, ko wadda wani ya yi wayo ya samu riba. Ta kwaɗo ba ta da ko ɗaya.

Ta ce a wani tafki na fadama akwai sarkin waƙar kwaɗi. In rani ya yi, duk su nutse cikin laka su yi barci. In ruwan farko ya sauka su fito, amma ba mai buɗe baki sai sarkin waƙa ya fara. Hadari kuma yana can sama yana saurare. In ya ji kwaɗi, ya san ruwansa ya samu karɓuwa, sai ya dawo da wani. In ya ji shiru, sai ya ce ba a bukata, ya wuce wata ƙasa.

Wata shekara rani ya yi tsawo. Da ruwa ya sauka, sarkin waƙa ya ce bari ya ɗan gwada muryarsa a ɓoye kafin ya fita. Ya sa kai cikin rami ya ja. Abin da ya fito kamar an ja busasshen kara a kan dutse. Kunya ta kama shi. Ya sulale ya tafi wurin ƙudan zuma, suka ba shi zuma ya lasa, ya koma rami ya gwada, babu. Ya tafi wurin gyare, gyare ya ce ya ƙara gwadawa. Har wurin shamuwa ya je neman shawara.

Nan nakan gyara zama. "Inna, ta cinye shi?"

"Ta ƙoshi ran nan."

"To mi ya sa kinka kai shi can?"

"Ɓare gyaɗarki, 'yar nema."

Shamuwa ta ce masa ita ba ta san waƙa ba, baki kawai take kaɗawa. Ya dawo. A duk tsawon yawon nan kwaɗi na zaune a bakin tafki, kowa ya cika maƙoshi da iska yana jira. Geron da manoma suka shuka ya fara lanƙwasa. Tafki na ja da baya. Hadari ya taso ya tsaya ya kasa kunne, ya ji shiru, ya fara juyawa. Sarkin waƙa ya zo ya zauna a gabansu, ya buɗe baki ya rufe, ya buɗe ya rufe. A nan Inna takan kwaikwayi bakin da nata, ba haƙori, Hajo ta yi ta birgima.

Sai ga wata saniya ta zo shan ruwa, ba ta ma gan shi ba, ta taka masa ƙafa. Ya ƙwalla ƙara, mummuna, wadda ba ta da ko kamar waƙa. Tafki gaba ɗaya ya ɗauka. Hadari ya ji, ya juyo, aka kwana ana ruwa.

Inna ta ce, "Na kai ta bakin gulbi, na sake ta. A tono dankali."

Na ce, "Shi ke nan? To muryar tai, ta gyaru ko ba ta gyaru ba?"

"Wa ya sani? Wa ya ji ta cikin wagga hayaniya?"

"Saniyar hwa? Mi anka yi mata?"

"Ta sha ruwanta ta tahi."

Na ce wannan cuta ce, mun ɓare gyaɗa faifai guda a banza. Ta miƙo mini dankalin da ya fi ƙonewa, ta ce na masu ƙorafi ne. Duk sanyin duniya sai ta maimaita tatsuniyar nan, kuma duk shekara sai mun yi wannan rigimar. Har ta rasu ban yafe mata saniyar ba.

Ranar wunin Nana na isa Maikujera da azahar. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi, aka kawo baho, aka kifa ƙore. Hajo ta nemo tsofaffin 'yan amshinmu, waɗanda suka rage, wata ma da sanda aka kawo ta. Suka zauna a bayana. Wani yaro ya danƙa mini abin magana a hannu, na ji numfashina yana fita ta lasifika kamar na jaki. Na ɗaga ido, ban ga fuskoki ba, wayoyi na gani.

Hajo ta saki kiɗa. Hannunta bai tsufa ba ko kaɗan, abin da ya ƙara mini haushi ke nan. Kiɗa ya zagayo inda zan shiga, na buɗe baki, ba komai. Ya sake zagayowa. Na sake buɗe baki na rufe. Na ji wata a gefe ta ce, "Wai ita ta zabiyar?" Na ga amarya ta leƙo ta ƙarƙashin mayafi. A raina na riga na fara lissafin hanyar da zan bi in kai ƙofa.

Hajo ba ta daina bugu da hannun dama ba. Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Dillaliya, albasa ta cinye miki harshe?" Sannan ta ɗaga makaɗin hagu ta sauke mini shi a kan babban yatsan ƙafa, da iyakar ƙarfinta.

Na ce, "Wayyo Hajo, Allah ya isa!" A cikin lasifika. Unguwa duka ta ji.

Tsofaffin nan da ke bayana sun san sarai ba waƙa ba ce, rabinsu dariya suke yi. Amma sun gaji da riƙe iska a ƙirji, kuma aikinsu tun muna 'yan mata shi ne in muryata ta sauka su ɗauka. Suka ɗauka. Amshin tsohuwar waƙarmu ta rakiyar amarya ya taso ta bayana kamar an jingina ni da bango: "Ayye mun ji, Kulu, mun ji, kawo ta." Kafin su sauke, baiti na gaba yana bakina, ban san lokacin da ya zo ba. Na ja, suka karɓe. Na ja, suka karɓe.

A nan na gane abin da nake ta yi a sito. Waƙar amada rabi ce a bakin zabiya. Wuraren da na riƙa jin shiru ina cewa muryata ta mutu, ba nawa ba ne, na 'yan amshi ne, a nan ake numfashi. Na ɗauki rabin kaya na aza a sikeli ni kaɗai, na ce bai cika ba. Da wani yaro ya yi mini irin wannan awon a kasuwa, da ranar ya bar aiki. Inna Tsohuwa kuma da ke ƙin buɗe baki sai mun amsa mata da ƙarfi, ashe tun kafin ta kai ga kwaɗo ta riga ta faɗa mana komai.

Ba zan ƙara wa abin gishiri ba. Muryar ba ta dawo yadda take ba. Inda nake hawa da, yanzu sai na zagaya ta ƙasa. Na manta sunan kakar ango, wata daga baya ta jefo mini shi. Tsoron ma bai tafi ba, ya koma gefe ne ya zauna har aka tashi. Amma Nana ta yi kuka, uwarta ta yi guɗa tana bugu, aka kai magariba ba wanda ya miƙe.

Da aka watse na nuna wa Hajo yatsan, ya kumbura. Na ce, "Haka aka yi wa mutane?"

Ta ce, "Ni saniya ta. Na sha ruwana, na tahi."

Ga yadda lissafin ya tsaya. Alkawari na cika shi. Hajo tana nan, ba ta ba ni haƙuri ba, kuma na san ba za ta bayar ba. Fuskar kasuwa kuwa ta taɓu: abin da aka ɗauka a waya ya riga ni isa Goronyo, kuma ba waƙar suka yanka suka yaɗa ba, ihun suka yanka. Har yau in na ƙi sallama kaya, sai wani daga bayan buhuna ya ce, "Wayyo Hajo!" a yi dariya. Ina barinsu su gama, in maimaita farashina, su saya. Farcen yatsan ya fita, wani ya tsiro a karkace. Biyu sun dawo gida lafiya, ɗaya ya dawo da tabo, an ɗora mini farce a kai. Na sha sayar da albasa a kan abin da bai kai wannan ba.