Ki Riƙa Motsa Baki Kawai

Ina aji huɗu a firamaren Ɗanzomo aka aiko cewa za a tara mu da 'yan makarantun Gumel da Maigatari da Gagarawa, mu rera waƙa ɗaya tare a babban ɗakin taro na Gumel. Malaminmu ya jera mu a gindin darbejiya yana bi yana sauraron kowa. Da ya zo kaina sai ya tsaya.

"Ke, me kike yi da muryar nan a gida?"

"Kiran shanu, Malam."

"Ai ga alama. Ranar taro ki riƙa motsa baki kawai."

Bai yi ƙarya ba. In na kira saniyarmu, har ta maƙwabta sai ta waiwayo. Amma wallahi na ji ciwo, don na riga na yi wa Baffa, mahaifina, alfaharin zan yi waƙa a Gumel. Shi kuwa dama bai ga amfanin boko ba, ya ce damina na faɗuwa zai cire ni in koma kiwo. "Zan je in ji abin da ake koya miki," in ji shi.

Ya kuwa je, da malfarsa, ya zauna can baya kusa da ƙofa. Ɗakin nan ban taɓa ganin irinsa ba, in ka yi tari sai rufin ya mayar maka. Aka cusa ni a layin ƙarshe, bayan wasu dogayen 'yan matan Maigatari. Na ce a raina, cikin wannan taro wa zai gane muryata? Zan rufe ido in yi baitin farko, ko Baffa ya tsinci wani abu.

Ana dab da farawa wani malamin waƙa ya iso daga Kano, da kwat da 'yar siririyar sanda. Ashe da ita yake ba mawaƙa alama. Ba wanda ya gaya mana. Mu dai aiki ɗaya muka san sanda na yi a hannun malami.

Ya ce, "Ɗaya, biyu, uku," ya ɗaga sandar sama da ƙarfi. Layin gaba suka kare kai da hannu. Na bayansu suka haɗiye waƙar. Ɗaki ya yi tsit.

Ni idona a rufe yake. Na saki murya gaba ɗayanta, irin ta kiran shanun da suka yi nisa, rufi ya karɓa ya ninka. Sai da na kai ƙarshen baiti na lura ni kaɗai ce. Kunya ta kama ni. Su kuwa yaran, da suka ji an ba da waƙa, sai suka amsa kamar a dandali. Mai kwat ya sauke sandarsa ya bi mu a haka. Malaminmu bai dube ni ba har aka tashi.

Muka kama hanyar gida ni da Baffa. Mun wuce Sule Tankarkar sannan ya yi gyaran murya.

"Duk yawan yaran nan, ke aka zaɓa ki fara?"

Na ce, "I, Baffa."

Damina ta faɗi, ya kora shanunsa shi kaɗai, ni ina aji. Har ya rasu yana ba baƙi labarin nan, ni kuma ina zuba musu fura.