Malam Sila Ɗanjuma Mahuta da Sunaye Bakwai a Kan Takarda

Haihuwa da Karatu

An haifi Sila Ɗanjuma a garin Mahuta cikin shekarar 1949. Mahaifinsa Ɗanjuma tsohon soja ne, mahaifiyarsa Margaret manomiya. Ya yi firamare a Mahuta, sakandare a Zuru, sannan ya wuce Zariya inda ya sami digiri a fannin kimiyyar tsirrai a 1975.

Aure

A 1977 ya auri Saloma, bayan ya yi wa mahaifinta golmo, wato noman da saurayi da abokansa ke yi a gonar surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Daga nan ya ɗauki aƙidar da ta wahalar da shi har ƙarshen rayuwarsa, cewa duk wanda ya sunkuya a gona, wajibi ne a ambaci sunansa ranar girbi.

Aiki da Bincike

Ya kama aikin koyarwa a wata kwalejin aikin gona a 1978. Shekara ashirin ya shafe yana neman irin dawar da wuta-wuta, ciyawar nan mai kashe hatsi, ba za ta ci ba. Da shi da manoma shida suka yi aikin, ciki har da Yero na Wasagu da Asiya ta Dirin Daji, wadda a rumbunta aka samo asalin irin. Duk maƙalar da ya aika wa mujalla, sunayensu shida ne a gaba, nasa a ƙarshe.

Neman Ƙarin Girma

A 2001 kwalejin ta shigo da tsarin maki. Mai neman muƙamin Babban Malami sai ya tara maki ashirin, kowace maƙala kuwa ana raba makinta daidai tsakanin marubutanta. Malam Sila yana da maƙala goma sha ɗaya, amma da aka raba kowace gida bakwai, ko rabin abin da ake buƙata bai kai ba. Ya nema a 2002, ya sake a 2004 da 2006, kullum amsar ɗaya. Ɗaliban da ya koyar suka zama shugabanninsa, abin ya yi masa ciwo ƙwarai, bai kuma ɓoye ba.

A 2007, saura shekara biyu ya yi ritaya, shugaban sashensu Dakta Jabiru, wanda shi ma ɗalibinsa ne, ya lallashe shi ya cire sunayen manoman daga maƙalu uku da suka rage masa bai aika wa mujalla ba, tunda manoman ko karanta su ba za su yi ba. Malam ya yi mako biyu da takardun a aljihu. Daga bisani ya mayar da su yadda suke, ya ce: "Jabiru, na gaji wallahi. Amma irin na Asiya ne."

Rasuwa

Ya rasu a Zuru ranar 9 ga Nuwamba, 2008, bayan gajeriyar jinya, yana kan muƙamin da ya riƙe tun 1994. An binne shi a maƙabartar coci a Mahuta, manoman nan shida suna tsaye a bakin kabarin. Ya bar matarsa Saloma da 'ya'ya huɗu: Aaron, Gladys, Joyce da Rebecca. Irin da suka fitar kuwa, daga Wasagu har Dirin Daji, dawar Malam Sila ake ce masa, kuma shi ne kaɗai aikinsa da ya fita da sunansa shi ɗaya.