Saƙon Mai Harami a Gahawar Ammu Salihu

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada in ƙara ko in rage a abin da na gani ina yaro. Amma shekaru sun ja, kuma amana ce.

Wata la'asar ce bayan Hajjin shekarar da na shiga aji uku, alhazai duk sun watse. Babana direban tasi ne, yakan tafi da ni gahawar wani Bayamale, Ammu Salihu, wato wurin shan shayinsa, a lungunmu na unguwar Hindawiyya a nan ƙasa mai tsarki. Gadajen igiya ne dogaye a jere, in na hau ƙafafuna ba sa taɓa ƙasa. Nan Yamalawa 'yan dako suke zama, da wani tela mutumin Jawa, da Babuhare, wato mutumin Buhara, mai gasa gurasa, da mu Takari, kowa da butar shayinsa, ana domino ana tsokanar juna. Kullum Baba sai ya ce wa mai gurasar tayar motarsa ta fi gurasarsa laushi.

Sai ga wani tsoho cikin harami, dugadugansa sun tsattsage kamar wanda ya tako ta Sudan, alhali tun zamanin kakana aka daina zuwa a ƙasa. Ya zauna a kan wani gado, Ammu Salihu ya ajiye masa shayi, don a gahawarsa ba a tambayar mai harami komai sai ya sha. Bai sha ba. Ni ya kalla, ya yi mini Hausa irin ta kakata: "Yaro, ka gaya wa Dije ta gidan marina na iso." Na juya in taɓa Baba, ko da na waiwayo gadon ba kowa, shayin na ta tururi.

Telan ya rantse cewa da yarensu tsohon ya yi magana, Yamalawa suka ce Larabcin ƙauyensu ne. Kowa ya ji saƙo, kowa da sunan macen da ya ji. Aka tattara domino shiru. Baba ya riƙe hannuna, ya ce, "Naka saƙon ka riƙe, ya waladi, ɗana."

Har Baba ya rasu yana tambayar alhazan da ya ɗauka ko sun san Dijen, ni ma na ɗora. An rushe gahawar, waɗanda suka shaida duk sun riga mu gidan gaskiya, wuraren shayin yanzu kuwa kowa wayarsa yake kallo, ko tsohon ya dawo ba mai ɗago kai. Ba na so in tarar da tsohon a lahira ban isar da saƙonsa ba. Don Allah, duk wanda a danginsu akwai Dije ta gidan marina, wadda wani nata ya tafi Hajji a ƙasa ba a ƙara jin labarinsa ba, ya neme ni. In ta rasu, a gaya wa jikokinta: ya iso.