Mangwaron da Ya Yi Fure da Damina

A wani lungu na Unguwar Kanawa, wani dattijo yana tsaye a gindin mangwaro, ya dafa shi da hannu ɗaya yana huci. Kaftaninsa ya koɗe amma ya sha guga, ga biro biyu a aljihun gaba. Da ganinsa ka ga tsohon ma'aikacin gwamnati, wataƙila irin waɗanda aka sallama da sauran ƙarfinsu, aka ce musu lokacinsu ya wuce.

Mangwaron ne ya jawo rigimar. Kowa ya san da sanyi yake fure, sai ga shi ya fito da shi fal a tsakiyar damina. Maƙwabciyarsa ta riga ta kirawo mai gatari, yana tsugune a gefe yana jira.

"Baba Sharhabil, ka yi haƙuri," in ji ta daga bakin ƙofarta. "Bishiyar da ta saɓa lokaci ba ita kaɗai ba ce, da mutanen ɓoye a kanta. Muna da yara."

Dattijon ya juyo ya dube ta. "Shekara shida ba ta haihu ba, Safara'u, kuka ce ba ta da amfani, a sare. Yau ta yunƙura, kun ce aljanu. To yaushe ne za ta yi muku daidai?"

Bai jira amsa ba. Ya shimfiɗa buzunsa, ya zauna ya jingina da bishiyar, furen yana zubo masa a hula. Ya dubi mai gatarin.

"Bismillah, malam. Fara da aljanin da ke zaune a gindinta."