Gayyar da Mala Bai Je Ba

Mala ɗan Ya Amsa ne, maƙwabciyata a ƙauyenmu da ke gabas da Gezawa. Kakansa daga Barno ya zo, don haka ba su da gonar gado. Wadda suke nomawa aro ce daga Alhaji Nababa tun ubansa na da rai, kuma sharaɗin ɗaya ne: ranar da ciyawa ta ci gonar, mai ita zai karɓi abarsa. Ni nake sayar musu da taki, na san dami talatin gonar take ba su in damina ta yi kyau. Shi ne abincinsu na shekara.

Da rana Mala manomi ne, da yamma yana ƙarƙashin darbejiyar makaranta inda sabis ya fi kamawa, yana koyon rubuta manhaja a wata tsohuwar kwamfuta da aka ɗaure da roba. Ya haɗa wadda manomi zai kama layin hayar garmar shanu ta waya. Mutum goma sha ɗaya ke amfani da ita, ni ne na huɗu.

Sai aka kira taron masu manhaja na jihohin Arewa a birni, aka ba shi minti biyar ya nuna tasa. Ranar ta faɗo Asabar ɗin gayyar Shago, shugaban samarinmu. Ƙa'idar gayya kowa ya san ta: wanda bai sunkuya a gonar wani ba, ba a sunkuyawa a tasa. Ta Mala kuwa ita ce ta gaba.

"Injiniya," in ji Shago, "in ka je, ka ce wa kwamfutar ta zo ta yi maka noman fari."

"Haba Yaya Shago, yini ɗaya ne fa."

"Ciyawa ma yini ɗaya take nema."

Na raka shi. Zaure ne mai sanyi a wajen Rijiyar Zaki, kujeru sun kai ɗari uku, kowa da kati a wuya. Manyan baƙi suka makara, da suka zo kuma kowanne ya ci lokacinsa ya haɗa da na wani. Aka tashi salla, aka ci shinkafa. Mala na riƙe da kwamfutarsa a cinya, yana ta maimaita jawabinsa a hankali. Bayan la'asar mai gabatarwa ya ce lokaci ya ƙure, sauran su tura nasu ta intanet. Wani mai gilashi ya tsaya ya duba wayar Mala, ya ce, "Kai, abin ya yi! Mutum nawa ke kai?" Da ya ji adadin sai ya dafa kafaɗarsa, ya wuce. Riga mai tambari ɗaya muka dawo da ita.

Ranar gayyar Mala, Ya Amsa ta dama kunu na mutum ashirin. Mu uku muka zo, har da shi. Ba wanda ya yi masa gori. Samarin sun gaishe mu daga hanya, fartanya a kafaɗa, suka wuce gonar wani. Aka yi ta ruwa a makon, ciyawar harkiya ta fi geron tsawo. Mun ceci kusurwa ɗaya.

Bayan girbi Alhaji Nababa ya zo da kansa, ya zauna a tabarma.

"Amsa, ba don kunyar marigayi ba da tuni na yi magana. Baɗi ɗana Kamaruddeen zai shiga gonar."

Ta ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. An daɗe ana ci."

Yanzu Mala yana kasuwar Dawanau, yana ɗinke bakin buhunan wake. Masu neman garma sun koma aika yaro ya kama musu layi. Da na je sari kwanan baya na gan shi sanye da rigar taron, tambarin ya koɗe. Na tambaye shi kwamfutar, ya ce tana ƙarƙashin gadon Inna. Sai ya tambaye ni me Kamaruddeen ya shuka a gonar. Na ce dawa. Ya gyaɗa kai, ya jawo wani buhun.