Bayan Hannun Mai Fanka

Duk layin Mai Fanka suke ce masa, ko da yake rabonsa da fankar silin ya fi shekara ashirin. Da ita ya fara sana'a, ya koma rediyo, daga baya kwamfuta ta zo ta same shi a shagon nan mai ƙofa ɗaya. Sauran masu gyara suna rububin abin da ke cikin ƙwaƙwalwar inji, shi kuwa iska ya sa a gaba. A ganinsa rabin kwamfutocin da ake cewa sun lalace zafi ne kawai ya ishe su.

Tsarinsa ɗaya ne, kuma ba ya gajiya da faɗa ko ba a tambaye shi ba. Fanka biyu a gaban akwatin kwamfuta su jawo iska mai sanyi, ɗaya a baya ɗaya a sama su fitar da mai zafi, tunda zafi sama yake hawa. Mai shiga ta ɗan rinjayi mai fita, don kada ƙura ta riƙa kutsowa ta kowace kafa. In ya gama ɗaurawa, ba ya duba 'yar kibiyar da ke jikin fanka mai nuna inda iska ta nufa. Bayan hannunsa yake karawa, ya lumshe ido, ya ce, "Ta yi." Da wannan hannun ya ciyar da gida, kuma da shi yake taƙama, har ta yi yawa.

Abin da bai faɗa wa kowa ba shi ne ciwon suga ya ci masa hannun. Tun bara yake jin sa kamar an sa masa safa. Kibiyar kuma ta ƙanƙance wa idonsa. Sai ya ci gaba da kara hannu yana cewa ta yi, don ya san ranar da maganar ta fita sunansa ya tafi.

Ranar wata Laraba da hantsi 'yarsa ta fari, mai zanen gine-gine, ta shigo rungume da kwamfutarta. Shi ya canza mata fanka makon da ya wuce.

"Baba, da na fara aiki mai nauyi sai ta mutu. Sau huɗu yau. Gobe zan miƙa zanen."

"Mamana, ku dai ba kwa barin inji ya huta," ya ce, ya kwance murfin, ya kunna. Fankokin huɗu suna juyawa lafiya lau. Ya kara hannu a baya. Bai ji komai ba.

Ta sunkuyo don ta leƙa, sai gefen mayafinta ya tafi da kansa ya manne a ragar fankar baya. Ta janye, ya sake mannewa. Ta kai shi wajen fankar sama, nan ma haka. Duk huɗun ciki suke hurawa, zafi ya rasa hanyar fita.

Ta tashi a shagon nan, ta san abin da ta gani. Ta yi maza ta ce, "Ƙila daga kamfani aka juya su."

Ya gane rufa masa asiri take yi, kuma hakan ya fi masa ciwo. Da ya ce e, da shi ke nan. Amma sai ya ɗago hannun.

"Ni na juya su. Ba na jin iska, Mamana."

"Tun yaushe?"

"Tun bara."

Idonta ya kawo ruwa. Ya miƙa mata sukudireba, yana faɗa tana yi, ta kwance biyun ta juya su ta ɗaure. Suka zauna suna kallon injin yana aiki kusan awa guda bai mutu ba.

Tana haɗa wayoyinta ya zaro wayarsa daga aljihu ya ajiye a gabanta.

"Duk wanda na ɗaura wa fanka daga bara zuwa yau yana ciki. Ki kira min su, su dawo da ita a duba."

"Baba, layin nan gaba ɗaya zai ji fa. Me zan ce musu?"

"Ki ce Mai Fanka ya yi kuskure. Fara da mai kemis, tasa ta fi daɗewa."